Kasuwar Kwana Biyu, Cinikin Shekara Guda

A unguwar ma'aikatan Reluwe ta Zariya na tashi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya fara aiki tun zamanin da injunan jirgi ke cin kwal ɗin Inugu suna fitar da tururi, kuma har ya bar duniya yana iya gane inji daga jin busarsa. Mu 'ya'yansu jirginmu na kara ne da gwangwanin madara, mu ɗaure su da zare mu ja a ƙasa, baki na yin aikin usur. Da yaro ya fara hankali sai ya yar da abinsa ya kama gabansa. Ban taɓa zaton akwai ƙasar da masu furfura ke zuba kuɗin fanshonsu a kan ɗan jirgin wasa ba, sai da karatu ya kai ni birnin Birmingham na Ingila a ƙarshen shekarar 2021.

Na kama hayar ɗaki a gidan wani dattijo ɗan shekara tamanin ba ɗaya, tsohon ma'aikacin masana'antar ƙera motoci. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana aure a wani gari. Ya ce in riƙa kiransa da sunansa kamar yadda suke yi a can, bakina ya ƙi. Na ce masa Baba, na fassara masa ma'anarta, ya yi dariya ya karɓa. Ranar da ya ji irin aikin da mahaifina ya yi, sai ya jawo tsani ya ce in biyo shi wani ɗan ɗaki da ke can ƙarƙashin rufin gidan. Da ya kunna fitila sai na ga gari guda a shimfiɗe a kan katako: tasha da gada, gidaje da gonaki, shanu a bakin dogo, ga ƙananan jirage suna zagayawa da wutar lantarki. Kowane abu an rage girmansa sau 76, wanda shi ne ma'aunin da Turawan Ingila suka fi so, suna kiransa OO. Taragon da tsawonsa ya kai mita 20 ya dawo santimita 26, tazarar ƙarafan dogo kuwa milimita 16.5 ce kacal. Baba ya ce garin nan nasa ya tsaya ne a 1958, shekarar da ya fara aiki, shekara goma kafin hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta sallami injunan tururi a 1968.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙarƙashin katakon. Kwalaye ne jere a kan juna har sun tokare, da yawansu ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Na tambaye shi, ya ɗan kawar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya, ya ce, "Waɗannan na baje koli ne." Ban fahimci wannan amsa ba sai bayan shekara guda.

A watan Nuwamba na 2022 ya ɗauke ni zuwa babban baje kolin ƙananan jiragen ƙasa da ƙungiyar Warley ke shiryawa a zauren NEC, kusa da filin jirgin saman Birmingham. Kwana biyu ake yi, Asabar da Lahadi, kuma a lokacin babu kamarsa a duk Birtaniya. Mun isa tun gari bai gama wayewa ba, ga sanyi mai shiga ƙashi, amma muka tarar da dogon sahu, yawanci dattawa ne, kowa da jakar goyo da kuma takardar da ya rubuta abin da yake nema. A ciki akwai shimfiɗu irin ta Baba masu yawan gaske, waɗansu sun fi falo girma, ƙungiyoyi sun kwaso su a motoci daga garuruwa daban-daban. A gefe ga rumfunan masu ƙira, ga na manyan shaguna, ga na dillalan kayan hannu, ga kuma ƙananan masu sana'a waɗanda abin da suke sayarwa bai wuce 'yan itatuwa ko fitilun sigina ba.

Daga baya na gane cewa wannan sana'a a kasuwar baje koli aka haife ta. A 1891, a baje kolin birnin Leipzig na Jamus, kamfanin Märklin ya nuna jirgi mai wani da dogo gunduwa-gunduwa masu ma'auni ɗaya, waɗanda ake haɗawa ana ƙarawa. Dabarar ke nan da ta mayar da mai saye sau ɗaya ya zama abokin ciniki na har abada, domin wanda ya sayi da'ira ɗaya bana, baɗi zai dawo neman mararraba, baɗin baɗaɗa ya nemi tasha. Tun 1950 kuma ake cin kasuwar kayan wasa ta Nuremberg a farkon kowace shekara, inda 'yan kasuwa zalla ke shiga, kuma a can kamfanonin Turai suka saba bayyana sababbin kayansu. Ashe abin da na gani a Birmingham tsohuwar al'ada ce mai tsari, kuma zaman da na yi da Baba ya nuna mini cewa kwana biyun nan su ke juya cinikin shekarar gaba ɗaya.

Tasirin yana farawa tun kafin a buɗe ƙofa. Daga watan Satumba Baba ke ɗaure bakin aljihunsa. Akwai ɗan shagon jirage a unguwarmu da yake zuwa kusan kowane mako, amma da baje koli ya matso sai ya koma sayen fenti da gam kawai, yana cewa babban abu sai can. Na tabbata mai shagon ya san wannan fari na shekara-shekara, kamar yadda tela ya san watan da ɗinki ke ɗaukewa kafin guguwar Sallah. Masu wayo daga cikin abokansa kuwa a wannan lokacin suke fitar da tsofaffin kayansu su sayar a eBay, saboda dalili biyu. Na farko su tara kuɗin kashewa. Na biyu kuwa tsoro ne, domin idan kamfani ya tashi a baje koli ya ce zai sake ƙera wani inji da sabon zubi mai kyau fiye da na da, to tsohon da ke hannun mutane darajarsa ta zube nan take. Don haka jita-jitar abin da za a bayyana ita kanta tana motsa farashi tun makonni kafin ranar.

A cikin zauren kuwa kasuwa biyu ce ke ci a lokaci guda. Ta farko ita ce ta kayan hannu, kuma ita ake yi wa sammako. Da an buɗe ƙofa sai ka ga mutanen da a waje suke dogara sanda sun ƙara sauri, kowa ya nufi teburin da yake sa ran samun abin da ya daɗe yana nema. A nan gani ya kori ji. Mutum zai ɗauki inji ya juya shi, ya duba ƙafafunsa, ya sa a ɗora masa a kan dogon gwaji ya ga yadda yake tafiya a hankali, domin injin kirki a tafiyar sannu ake gane shi. Sai dai waya ta shigo cikin ciniki. Na ga mutane da yawa, inji a hannun hagu, waya a dama, suna duba nawa aka sayar da irinsa a intanet kafin su yi tayi. Bature ba gwanin ciniki ba ne a shagon gari, amma a nan yana tayi ana masa albarka kamar a Ƙofar Wambai. Da yammacin Lahadi kuwa farashi ke laushi, saboda dillalin da ya biya kuɗin rumfa da hayar mota da masauki ya fi son komawa da kuɗi a kan komawa da kaya. Mai sammakon Asabar ya sami zaɓi ya biya da tsada, mai haƙurin Lahadi ya sami ragi a kan abin da aka bari.

Kasuwa ta biyu ta fi ban mamaki, don ana sayar da abin da babu shi ne. A rumfunan masu ƙira akwai akwatunan gilashi, a ciki samfur ne na injin da ba a fara ƙerawa ba, wani ko fenti babu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanonin Ingila irin su Hornby suka mayar da ƙirarsu ƙasar Sin, inda ake yin adadi ƙayyadadde a zubi ɗaya, kuma ba lallai a sake yi nan kusa ba. Don haka mai so sai ya rubuta sunansa tun yanzu, wani wurin har da kafin alƙalami, ya jira shekara ɗaya ko biyu. Sabon injin tururi yakan haura fam 200, mai fitar da sauti kuwa ya wuce 300. Kamfani ya auna yawan masu so kafin ya zuba jari, wannan hikima ce. Amma mai saye yana yanke shawara ne a tsaye, cikin turmutsutsu, abokansa na gefe suna yabawa, zuciyarsa na raya masa cewa in ya bari ya wuce shi ke nan. A nan na gane asalin kwalayen da ke ƙarƙashin katakon Baba. Lokacin da injin zai iso, zafin son ya huce, wani sabon samfur ya riga ya shiga ransa.

Kada mai karatu ya ɗauka ni ɗan kallo ne kawai. A ranar nan na tsaya gaban wata shimfiɗa ta ƙaramar tashar ƙauye, inji ya shigo a hankali ya tsaya shan ruwa, sai na ji kamar muryar mahaifina ce ke ba ni labari. Ban san lokacin da na ƙarasa wani teburi na biya fam 85 na karɓi tsohon inji da tarago uku ba. Kuɗin cefanena ne na mako biyu, daga ɗan alawus ɗin ɗalibi mai iyali a gida, kuma ko taki ɗaya na dogo ban mallaka ba. A jirgin komawa na riƙe ledar a cinya ina jin kunyar kaina. Shimfiɗun nan da ake kallo kyauta bayan an biya kuɗin ƙofa, su ne ainihin 'yan tallan kasuwar, alhali masu su ba sa sayar da komai. Baba ya ba ni labarin abokinsa da ya ga wata shimfiɗa ta ƙaramin ma'auni, ya dawo gida ya sayar da tarin shekara ashirin da asara ya fara daga farko.

A Nuwamban 2023 muka sake komawa. Wannan karon jikin Baba ya yi rauni, muna tafiya muna hutawa. Duk da haka ya tsaya gaban wani akwatin gilashi ya daɗe, sannan ya rubuta sunansa a kan wani injin da ya ce shi ne ya kai shi bakin teku karo na farko yana yaro. Aka ce masa sai nan da shekara ɗaya da rabi. Ya lura na kalli sandarsa, sai ya ce, "Ɗana, mutum yana bukatar abin da zai jira." Kwanaki kaɗan da shiga sabuwar shekara ya rasu a asibiti.

A cikin wannan wata na Janairun 2024 labari biyu suka girgiza masu wannan sha'awa. Shagon Hattons, wanda aka kafa a Liverpool a 1946 ya kuma zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar, ya ba da sanarwar rufewa. Kwanaki kaɗan bayan haka ƙungiyar Warley ta ce ba za ta sake shirya babban baje kolin NEC ba, bayan kimanin shekara talatin tana yi, saboda tsadar abubuwa da kuma tsufan 'ya'yanta masu aikin sa-kai. Sai a lokacin mutane da yawa suka tuna cewa wannan babbar kasuwa a kan kafaɗar tsofaffin da ba a biyansu take tsaye, su ne masu jan igiyar wuta da karɓar tikiti da kwashe tebura.

'Yar Baba ta roƙe ni in taya ta ƙidaya kayan kafin a sayar da gidan. Mun sami injuna 112, daga ciki 41 ba su taɓa taka dogo ba. Ta zauna a bakin tsani tana duba rasit, tana lissafin abin da ya kashe, ga shi ta san shekarun da ya ƙi gyara tagogin gidan wai babu kuɗi. Ta kira wani dillali, ya zo ya duba na sa'a guda, ya yi tayin kuɗi dunƙule da bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ke rasit ba. Ranta ya ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci. Amma da na natsu na ga mutumin bai yi zalunci ba. Zai ɗauka, ya gwada kowanne, ya gyara, ya biya kuɗin rumfa, ya jira mai so, wani injin ya shekara a hannunsa. Abin da rasit ya faɗa farashin ranar ɗoki ne a cikin taro. A ɗakin da babu mai so, roba ce da ƙarfe.

Abokan Baba na ƙungiya ne suka ba mu shawara mu kai kayan inda masu sonsu suke. Muka kama teburi a wani ƙaramin baje koli da aka yi a zauren wata makaranta da bazara, biyu daga cikinsu suka zauna tare da mu suna yanke farashi. A ranar na ga yadda kasuwa ke hukunci. Waɗanda ba a taɓa buɗewa ba sun tafi da wuri da daraja, musamman irin da aka yi kaɗan. Waɗanda aka riga aka fitar da sabon zubinsu sun sha tayin wulaƙanci ko da suna sababbi fil. Waɗanda Baba ya fi so kuwa, da ya shafa musu baƙin hayaƙi da tsatsa da hannunsa don su yi kama da na gaske, ya kuma yar da kwalayensu, su ne suka fi araha. Wato abin da ya more shi ne kasuwa ta rage wa kuɗi, abin da ya hana kansa shi ne ta yaba. Duk da haka abin da muka tara a teburi biyu na rana ɗaiɗai ya kusa ninka tayin dillali. Kuma akwai ribar da ba ta shiga lissafi: mutane sun tsaya suna ba 'yar labarin mahaifinta, wani ya ce shi ya koya masa haɗa waya da dalma. Wani yaro ɗan shekara goma ya zo da kakansa yana juya wani tsohon inji, kuɗinsa bai kai ba, ta ce ya ɗauka.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, darajar irin waɗannan kaya tana wurin taron masu sonsu ne. Intanet na iya gaya maka nawa aka sayar da inji jiya, amma ba ta iya haifar da sabon mai so kamar yadda shimfiɗa mai motsi ke yi wa yaron da aka ɗaga a kafaɗa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji wani kamfanin buga mujallu ya karɓi gurbin da aka bari a NEC tun a Nuwamban 2024, domin masu ƙira da masu sayarwa sun san abin da za su rasa. Sai dai taron da ke ba kaya daraja shi ne kuma ke ɗebe wa mai saye hankali. Mu ma mun san wannan a namu fannin, ko a baje kolin Kaduna, ko a kasuwar raguna ana jibi Sallah, ko ranar da sabuwar waya ta shigo gari: ido ya ga na wani, zuciya ta ce kada a bar ni a baya. Maganin da na ga tsofaffin hannu suna yi mai sauƙi ne. Su rubuta abin da suke nema tun daga gida, su riƙe tsabar kuɗin da suka ware su bar kati, su zagaya zauren sau ɗaya kafin su taɓa aljihu, kuma su tambayi kansu ko akwai dogon da abin zai hau. Na ƙara ɗaya daga abin da na gani a bakin tsanin nan: mai tara kaya ya bar wa magadansa rubutaccen bayanin abin da ya tara da inda za a kai shi, kada ya bar musu kwalaye da zargi.

A tsakiyar 2025, ina haɗa kayan dawowa gida, 'yar Baba ta kira ni. Shago ya aiko da saƙo cewa injin da mahaifinta ya rubuta suna a kansa ya iso, ana tambaya ko har yanzu ana so. Ta ce za ta soke. Na ce ta dakata. Na daɗe ina shawara da kaina, don na san ciwon da nake shirin sake kamuwa da shi, amma mu a wurinmu alkawarin mamaci ba abin wasa ba ne. Na biya na karɓa, na sayi da'ira ɗaya ta dogon hannu.

Yanzu yana Zariya. Ranar da na iso na buɗe kwalin a gaban yara na ba su shi su yi wasa, na san da haka na rage masa daraja a kasuwar da ba zan sake kai shi ba. Idan an kawo wuta da daddare mukan shimfiɗa dogon a kan tabarma, 'ya'yana da na maƙwabta su kewaye shi, ni kuma in ba su labarin kakansu da na wani dattijo da ya karɓi sunan Baba. Fentinsa ya fara gogewa a gefe ɗaya. Shekaranjiya na tarar ƙaramin cikinsu ya ɗaura masa gwangwanin madara da zare a baya, wai taragon ya yi kaɗan. Ban hana shi ba.